Allurar Mai Jego

Shafi na 19

Daga wayar Hajiya Sauda ta Ƙofar Dumi

Salamu alaikum mutanen zaure. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban kawo shafin nan yau ba za ta hau keke ta biyo ni Ƙofar Dumi. Ki zo 'yar nan, akwai wanke-wanke yana jiranki. Kai kuma Mansir da ka ce na cika gulma, in na tsame gulmar me zai rage maka ka karanta?

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Shekarar karɓar mulkin kai ce, a wani gida a Ƙofar Wambai. Hamsatu ta kwana biyu tana naƙuda ɗa ya ƙi fitowa, sai da likita ya tsaga cikin ya ciro shi. Uwarta Dada ta kafe sai an sallame ta kafin suna. Likita ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, kullum da safe Liatu malamar asibiti za ta bi ta gida ta yi mata allurar fenisilin har ta cika, don kada mikin ya ruɓe. An yi suna, yaro ya ci suna Bakari. Tun ranar sunan Hamsatu ba ta sake ganin Liatu ba. Yau kwana uku ke nan.

To ku gyara zama.

Tun kafin rana ta hau katanga Dada ta ɗora tukunyar wanka. Hamsatu na kwance a ɗaki tana jin itace na ci, tana jin ruwan ya fara kuka. Zane biyu ta lulluɓa da su, ta ɗora bargon Dada a kai, amma haƙoranta ba su daina haɗuwa ba.

Warin ne ya fi damunta. Jiya ta ɗauka daga tsumman yaro yake tasowa. Yau ta san daga inda yake.

"Ke, tashi. Ruwa ya yi."

Hamsatu ta dafa bango ta miƙe. Ƙasa ta juya da ita, ta tsaya har ta daidaita, sannan ta bi uwarta makewayi tana jan ƙafa, a duƙe kamar tsohuwa.

Dada ta tsoma damin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mata a baya. Ta sake tsomawa ta fyaɗa a kafaɗa. Tururi ya cika wurin.

"Juyo."

"Dada, likita ya ce kada ruwa ya taɓa wurin."

"Likitan sau nawa ya haihu?"

Dada ta sake tsoma ganyen.

"Ni tara na haifa. Juyo."

Ta juyo. Ɗinkin daga cibiya ya gangara har mara. Gefe da gefe ya kumbura ya yi ja yana ƙyalli, tsakanin zare da zare wani ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, yana tsattsafowa. Dada ta sunkuya ta duba, ta gyaɗa kai irin na wadda aikinta ya yi kyau.

"Dattin ne ke fita. Alhamdu lillahi."

Da ganyen ya sauka a kan mikin, Hamsatu ta cusa bakin zane a baki ta danne da haƙori. Ba ta yi kuka ba. A gidansu ba a kuka a gaban uwa, ko da wuƙa ake yanka ka. Hawayen ya bi gumi ya sauka, babu wanda ya isa ya ce ga wannan ga wancan.

Dada ta lakato man shanu ta cike ɗinkin da shi, ta naɗe mata cikin da tsumma ta ɗaure tam.

Sai da suka koma ɗaki, kunun kanwa na gabanta ta kasa kai shi baki, sannan ta yi ƙarfin hali.

"Dada, malamar asibitin ko aike ba ta yi ba?"

"Wa za ta aiko? Ba kya jin ganga? Gari duk ya tafi koyon maci, saura kwana tara a sauke tutar Turawa. Ke wace ce da za ta riƙa tako ƙafa tun daga asibiti saboda ke?"

Gangar kuwa ana jinta daga nesa, 'yan makaranta na ta dukan ƙasa da ƙafa.

Hamsatu ta juya fuska bango. Ita dai ta tuna hannun Liatu cikin nata ranar da za a shiga da ita ɗakin aiki. Ta tuna ta ce mata ko ƙanƙara ake zubawa za ta zo. Ashe duk daɗin baki ne irin na ma'aikata. Sun tsaga ta, sun ɗinke ta kamar buhu, sun manta da ita.

Yaron ya motsa a gefenta. Ta jira Dada ta juya baya sannan ta saci kallonsa. Ta ɗora shi a nono, ya ja, ya ja, ya saki ya fara ƙananan kuka. Tun jiya ruwan ya ja baya.

Sai ga sallama daga zaure.

Da ƙarfi aka yi ta, irin ta wanda ya ƙudura sai na can ƙurya ya ji.

Dada ta ajiye ludayi ta fita da sauri, ko ɗankwali ba ta gyara ba.

Bari in gaya muku, Liatu mutuniyar Bogoro ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne a bakinta. Ni zan miƙe muku ita don kada ku ce ni ce ban iya rubutu ba.

"Mama, ina kwana. Yaya mai jego?"

"Lafiya lau. Barci take."

"Shekaranjiya kin ce barci take. Jiya kin ce ta tafi rugar kawunta. Ta dawo daga rugar ta kwanta ke nan?"

"Rage muryarki. Nan gidan mutane ne."

"Kwana biyu ina rage ta, Mama. Yau ba zan rage ba."

Hamsatu ta cire yaron daga jikinta ta kwantar. Shekaranjiya. Jiya. Ta maimaita kalmomin a ranta har sau biyu kafin su zauna.

"Na ce miki mun gode," in ji Dada. "Ta warke. Ku kai wa masu bukata."

"In ta warke bari in gan ta da idona, in koma in gaya wa likita. Kallo ɗaya."

"Ba za ki shiga ba."

Hamsatu ba ta iya miƙewa ba, sai ta rarrafa. Daga gado zuwa bakin ƙofa taku huɗu ne, ta yi shi kamar tafiyar yini. Ta ɗaga asabari da ka.

"Malama Liatu."

Muryar ko tsakar gida ba ta tsallaka ba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga murya a kan ta uwarta ba.

"Malama Liatu, ina nan. Ban je ko'ina ba."



A kan katanga kuwa tuni kan Kubura maƙwabciya ya ɓullo, wai shanyar kuɓewa take. Kuɓewar nan tun jiya ta bushe ƙayau, amma sai juya ta take. Kowace unguwa da irin Kuburarta, kada ku kalle ni.

Liatu ta ratsa ta gefen Dada ta shigo, farar rigarta da akwatin ƙarfe a hannu. Tana isa bakin ɗakin ta tsaya cak. Hancinta ya riga idonta.

Ta ajiye akwatin, ta tallafi Hamsatu ta maida ita gado, ta sa mata ɗan gilashin awon zafi a ƙarƙashin harshe, ta fara warware tsumman. Ya manne da mikin, sai da ta jiƙa shi tana ɓamɓarowa a hankali.

Ta daɗe tana kallo.

"Me aka sa a nan?"

"Man shanu," in ji Dada daga bakin ƙofa. "Na saniyarmu, ba na kasuwa ba."

"Da ruwan zafi?"

"Safe da yamma. Da ba na yi da yanzu sanyi ya gama da ita."

Liatu ta zare gilashin ta ɗaga shi wajen haske, ta sake dubawa, ta mayar akwati.

"Mama, ki zo ki taɓa goshinta."

"Zafin wanka ne."

"Ba zafin wanka ba ne. Mikin ya yi mugunya har ciki. Allurar da aka ce a yi kullum, don wannan aka ce. Aiki irin wannan ƙofa ce aka buɗe a jikin mutum, cuta na neman hanya ta shiga, allurar ke tsare ta har ƙofar ta rufe. Kin hana kwana biyu, ga shi ta shiga. In ta kai jini, ba ni ba, likitan ma sai dai ya tsaya yana kallo."

"Turawan ma tafiya za su yi. Su tafi da allurarsu."

"Bature zai tafi, Mama. Cutar ba inda za ta je."

Hamsatu ba Liatu take kallo ba.

"Dada."

"Mene ne?"

"Kin ce mini ba ta zo ba."

"Na ce."

"Kin ce ko aike ba ta yi ba."

"Na ce. Gobe ma in ta zo haka zan ce."

"Me na yi miki?"

Dada ta shigo ɗakin sosai ta saki asabarin a bayanta. Ta rage murya, amma ragewar ta fi ihu ciwo.

"Ni kike tuhuma, a gaban baƙuwa? To tunda kin zaɓi a yi ta a fili, kin san allurar su wa ake ɗura miki? Ta matan bariki ce. Ta masu tunjere da ciwon sanyi, masu layi a bayan asibiti suna rufe fuska da mayafi. Ita wannan ke ɗauko miki kullum, ta ratso unguwa da farar riga, kowa na zaune a ƙofar gidansa yana kallon gidan da za ta shiga."

Hamsatu ta dubi Liatu.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne ana yi musu," in ji Liatu. "Ana yi wa wanda sa ya soka. Ana yi wa yaron da ƙirjinsa ya cika. Makon jiya na yi wa wani tsohon malami da ƙaya ta ruɓar masa da ƙafa, carbi na hannunsa har na gama. Duk matar da aka yi wa irin aikinki ana yi mata. Maganin ba ya tambayar ta ina cuta ta shiga."

"Shi ba ya tambaya," in ji Dada. "Mutanen Ƙofar Wambai suna tambaya."

"Mutanen Ƙofar Wambai ne za su shayar da yaron nan?"

"Ke ba 'yar nan ba ce, ba za ki gane ba. Ki gama aikinki ki koma garinku. Mu nan za mu zauna. Ubanta ya mutu babu wanda ya taɓa nuna gidan nan da baki. Tana da ƙanne mata uku da ba a ɗaura wa aure ba. Wa zai zo neman ƙanwar mai tunjere?"

"Mama, mutuwa nake gaya miki."

"Na ji ki. Rai na Allah ne. Wadda ta mutu a jego shahida ce, kowa ya sani, har gidan nan za a zo ana mini barka da kyakkyawan ƙarshe. Wadda aka ce tana da wancan ciwon fa, me za a kira ta? Me za a kira ɗanta?"

Hamsatu ta ji rawar sanyin ta tsaya. Wani sanyin daban ya sauko mata, wanda bargo ba ya yi wa komai. Matar da ke tashi tun asuba ta hura mata wuta, ta dama mata kunu, ta wanke tsumman jininta da hannunta, ashe ta riga ta auna gawarta da sunan gida, ta ga wanda ya fi nauyi.

Liatu ta naɗe hannun riga. Ta buɗe akwati ta wanke hannu, ta ciro sirinjin gilashi da ta dafo tun daga asibiti, ta ciro 'yar kwalba mai murfin roba. Ta zuƙi ruwa ta tsira a murfin ta girgiza, garin ciki ya narke ya yi fari kamar nono. Ta zuƙe shi, ta ɗaga allurar sama tana ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Wannan ta yanzu ce. Bayan ita sai an maida ke asibiti yau ɗin nan, a buɗe wurin a wanke. Allura kaɗai ba za ta isa ba kuma."

Daidai nan jaki ya yi kuka a ƙofar gida, aka ji an zube itace, namiji ya yi sallama.

Fuskar Dada ta washe.

"Yawwa. Ga mai ita nan. Yero, shigo har ciki."

Yero shi ne mijin Hamsatu, kuma ɗan yayan Dada, a gidan nan ya yi rabin ƙuruciyarsa. Fataucin shanu yake zuwa kudu, wata biyu yana hanya wata ɗaya yana gida. Itacen wankan jego a wuyansa yake, shi ya kawo.

Ya ɗaga asabari ya sunkuyo, dogo, hularsa a karkace. Ya buɗe baki zai gai da goggonsa, sai idonsa ya faɗa kan Liatu. Gaisuwar ta maƙale.

Liatu ta dube shi sau ɗaya ta maida idonta kan allurar.

"Goggo, ba mun gama maganar nan ba?"

"Mun gama. Matarka ce ta rarrafo ta kira ta."

Yero bai kalli gadon ba. Da bango yake magana.

"Malama, kwashe kayanki."

"Ka dubi cikinta tukuna."

"Ba sai na duba ba. Matata ce, na ce ba na so."

"In ba a yi mata ba, ba na jin za ta ga ranar tutar nan da ake ta yi wa ganga."

"Ke ce Allah?"

"A'a. Amma na ga irinsa sau da yawa, na san inda yake ƙarewa."

Sai a lokacin ya juyo wajen Hamsatu. Warin ya doke shi, ya kai hannun riga hanci.

"Ki ji ni da kyau. In allurar nan ta sake shiga jikinki, a bakin aurenki."

"Kin dai ji," in ji Dada. "Ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai ido. Da ba don shi ba da har yau muna cikin duhu. Ni da na ga 'yan kwalaben nan masu kyau, har na jiƙa ɗaya na kankare takardar na ɗura kwallina a ciki. Ranar suna ina zaune ina saka kwalli ya shigo gaishe ni, tun daga bakin zaure ya hango ta a hannuna. Ya ce Goggo me ya kawo wannan gidan nan? Shi ya gaya mini ko ta su wa ce. Kwana biyu ina shafa kwallin kwalbar karuwai a idona ban sani ba."

Hamsatu ta rufe ido. Kanta na sarawa, ɗakin na zuwa yana komawa. Amma maganar uwarta ta tsaya mata wuri ɗaya ta ƙi wucewa. Ta juya ta, ta sake juya ta.

Ta buɗe ido.

"Hamma."

Haka take kiransa tun suna yara.

"Dada ta ce ta kankare takardar."

"To?"

"Ko da takardar ma, kai ba ka karatun boko."

"Me kike son ki ce?"

"Kwalba tsirara. Babu takarda, babu magani, sai kwalli. Daga bakin zaure ka hango ta." Ta tsaya ta ja numfashi. "Yaya aka yi ka gane ta?"

"Kowa ya san ta."

"Dada ba ta san ta ba. Matan da suka cika gidan nan ranar suna sun gan ta a hannun Dada, babu wadda ta ce uffan. Har Kubura ta karɓa ta saka kwallin. In da abin faɗa, Kubura za ta kwana da shi?"

Daga kan katanga aka ji faifai ya faɗi.

"A tashar mota na ji," in ji Yero. "Direbobi ke faɗa."

"Faɗa maka suka yi, ko nuna maka?"

"Ke, zazzaɓi ne ke magana a bakinki."

"Wataƙila. Amma ni kwana bakwai ana tsira mini ita, a gabana ake girgiza ta. In ka cire takardar ka ajiye ta kusa da kwalbar turare, wallahi ba zan ce ga wannan ga waccan ba. Kai sau nawa ka gan ta, Hamma, da ka san ta daga nesa haka?"

Dada ta buɗe baki za ta tsawatar, sai ta fasa. Ta juya a hankali ta dubi ɗan yayanta. Shi kuma ya sa hannu yana gyara hular da ba ta nemi gyara ba.

"Goggo, kina ji tana zagina a gabanki?"

Dada ta kafa masa ido.

Hamsatu ta juya kai wajen Liatu.

"Malama, don girman Allahn da kike bauta wa. Kin san shi?"

Liatu ta daɗe tana kallon farin ruwan da ke cikin gilashin.

"Abin da na gani a asibiti, a asibiti nake barinsa. Naki ma haka, na kowa ma haka."

"Ba ki ce ba ki san shi ba."

"Na faɗi abin da zan faɗa."

Jama'a, baiwar Allahn nan ta riƙe amanar aikinta, ko kalma ɗaya ba ta saki ba. Amma da ta iya ƙarya da ta fi yi wa Yero amfani.

Daga nesa gangar 'yan makaranta na ta tashi. A kan katanga babu kowa, sai kuɓewa a warwatse. Mayafin Kubura ma a kan igiya ta bar shi.

Dada ta zauna a kan tabarma.

"Yero," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai ka ce mini in hana. Ka ce don sunan gida."

"Don sunan gida ne."

"Wane gidan?"

Yero ya maida fuskarsa bango.

Hamsatu ta fahimci sauran da kanta. Ba ita yake tsoron a nuna da baki ba. Farar rigar nan da ke shigowa kullum yake tsoro, kada wata rana su yi kiciɓis a zaure a gaban mutane. Don kada ya haɗa ido da Liatu ya bar cikinta ya ruɓe kwana uku, yana ta aiko da itace.

Ta so ta yi kuka, babu ruwan yinsa. Ta dafa gefen gado, ta juya a hankali ta kwanta a kan haƙarƙari, ciwon na tsaga ta. Da hannunta ta janye zanen daga ƙugunta, a gaban uwarta, a gaban mijinta.

"Malama, yi mini."

"Kin ji abin da na ce," in ji Yero.

"Na ji. Yi mini."

Liatu ta goge wurin da auduga. Ta dubi Dada. Dada na kallon ƙasa, sai ta miƙe ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Allurar ta shiga. Hamsatu ta ji maganin na tafiya cikin naman, da nauyi, da zafi, ta riƙe numfashi har Liatu ta zare ta danne wurin.

"Shi ke nan," in ji Yero. "Ke kika zaɓa. Na sake ki."

Ya nuna Liatu da haɓa.

"Ku je asibitin ku tare can, ke da ita. Amma ɗana ba zai sha nonon da wannan abin ya gauraya da shi ba."

Kafin kowa ya gane nufinsa ya sunkuya ya sunkuci yaron daga gefen gado, da tsummansa da komai. Yaron ya tsala kuka.

Hamsatu ba ta san lokacin da ta yunƙura ba. Ta miƙa hannu biyu, ta kamo bakin rigarsa, rigar ta zame. A ƙasan cibiyarta ta ji wani abu ya tsinke, ɗaya, sannan wani. Ɗumi ya gangaro mata a cinya.

"Kada ki motsa," in ji Liatu. Ta yar da sirinjin ta danne cikin da tafin hannu biyu. "Mama, a nemo mota yanzu. Ɗinkin ya buɗe."

Hamsatu ba ta ji ta ba. Idonta na kan ƙofa.

Ƙofar ɗakin guda ɗaya ce, Dada kuma na tsaye a cikinta, hannunta ɗaya a kan asabari. Ta dubi zanen da ke jiƙewa a kan gado. Ta dubi yaron da ke wutsil-wutsil a hannun ubansa.

"Dada," in ji Hamsatu. "Kada ki bar shi ya fita da shi."

Yero ya matso har numfashinsa na taɓa goshin tsohuwar.

"Goggo, ba ni hanya."